Kore, zaitun da ruwan hoda: Haɗin kalar da ake yayi a anko ya daɗe a bakin rigunan Zazzagawa

Duk lokacin da bukukuwa suka kankama a birnin Zariya, musamman bayan Sallah da ƙarshen shekara, saƙon gayyatar da ke yawo a wayoyin mata ba ya tsayawa kan rana da wurin ɗaurin aure. Akwai layin da aka fi zuba wa ido, wato kalar anko.

A 'yan shekarun nan, cikin haɗin da ke yawan fitowa a wannan layi akwai kore da ruwan zaitun da ruwan hoda. Ana ganinsa a leshi da gyale, a katin gayyata, a kwalliyar wurin kamu, har a labule da zanin gadon amarya.

Mutane da dama na ɗaukarsa baƙo ne da ya shigo ta Instagram da Pinterest, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zancen. Kamfanin Pantone na Amurka, wanda ke ayyana launin shekara ga masu zane da ɗinki, ya sanya wani ruwan hoda mai haske cikin zaɓinsa na 2016, ya biyo da kore a 2017, sannan a 2023 ya zaɓi wani ja mai sirkin shunayya. Abin da masana'antun waje suka rina shi ke sauka a Kantin Kwari da ke Kano, daga can ya iso kasuwar cikin birnin Zariya da ta Tudun Wada da Sabon Gari.

Sai dai duk wanda ya taɓa ɗaga bakin tsohuwar babbar riga irin ta saraki ya san ba yau kore da dangin ja suka fara zama wuri ɗaya ba. Abin da na da suka fi na yanzu shi ne ma'auni. Sun san nawa za su zuba, sun kuma san inda za su ajiye shi.

Alharinin da ake ɓoyewa

Babbar rigar da ake ji da ita a ƙarni na 19, a Zazzau da sauran biranen daular Usmaniyya, saƙar hannu ce da ake harhaɗawa ƙwarya-ƙwarya. Akwai saƙi, mai zaren baba da ɗigon fari kamar jikin zabo. Akwai tsamiya, wadda ake samun zarenta daga gidan wata tsutsa, launinta tsakanin ruwan ƙasa da ruwan toka. A kan aljihu da ƙirji ake zuba aiki: aska biyu, aska takwas, tambari. Zaren aikin kan zama fari, ko na tsamiya, ko kore. Irin waɗannan riguna masu koren aiki a kan baƙin saƙi suna nan ajiye a gidajen tarihi na Turai da Amurka.

In aka juya bakin rigar ta ciki, a nan ake tarar da shafi. A riga mai daraja, da alharini ake yin sa.

Alharini siliki ne, sunansa ma daga Larabci ya zo. Ragowar silikin masaƙun Turai ne da ake kaiwa Arewacin Afirka a rina shi, sannan ayarin raƙuma su ratso Sahara da shi zuwa Kano. Bajamushen nan mai yawon buɗe ido, Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya kuma rubuta cewa wannan siliki da ake rinawa a Tarabulus na cikin manyan hajojin da ake shigowa da su, ɗaruruwan kayan raƙuma a shekara. A wurin Turawa shara ce. A nan kuwa kayan sarauta ne.

Launinsa ja ne mai gangarawa zuwa shunayya, wanda in ya sha wanki da rana yake komawa ruwan hoda mai duhu. Daga wajajen 1859, lokacin da aka ƙirƙiro rinin sinadari mai wannan launi a Turai, aka kuma raɗa masa sunan garin Magenta na Italiya inda aka gwabza yaƙi a shekarar, sai ya ƙara ƙarfi da yawa a kasuwa. Har ƙasar Yarabawa ya kai, inda saƙar da suke kira alaari ke cikin manyan tufafinsu na biki har gobe.

Abin lura shi ne inda maɗinkan da suka ajiye shi. Da ma tsadarsa ba za ta bari a yi wasa da shi ba, amma ba tsadar kaɗai ba ce. Sun sa shi ta ciki, inda ba a ganinsa sai mai riga ya ɗaga ƙafa zai hau doki, ko iska ta kaɗa bakin rigar. Duhun saƙi ya mamaye jiki, kore ya zauna a ƙirji, ja ya leƙo ya koma. Wannan tsari ya girme wa Pinterest da fiye da shekara ɗari.

Dukawa ma haka suke, sai dai su sun juya lissafin. Jar fatar da aka rina da karan dafi ita ce shimfiɗa, sannan a yanko 'yan siraran koriyar fata, wadda ake samun launinta daga garin tagulla, a yi ado da su a kube da jaka da kayan doki. Ja da yawa, kore kaɗan. A riga kuwa duhu da yawa, ja kaɗan. Babu inda aka raba daidai.

Inda aka raba daidai

Akwai wuri ɗaya da ja da kore ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa, kowanne da cikakken ƙarfinsa: jikin dogari. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan Sallah ko Hawan Daushe ya ga yadda ake hango dogarai daga nesa duk cunkoson jama'a da ƙurar dawaki. Da gangan ne. An yi kayan ne don su kira ido, a gani a kauce.

Dalilin da ya sa suke kiran ido sananne ne ga masu nazarin launi. Ja da kore kishiyoyi ne. In aka jera su, kowanne na ƙara fito da ƙarfin ɗan'uwansa. Wani masanin sinadarai Bafaranshe, Michel Chevreul, wanda ya shugabanci sashen rini a masaƙar Gobelins ta birnin Paris, ya yi bayanin haka a littafinsa na 1839, bayan ya gano cewa zaren da ake ƙorafin rininsa bai yi ba sau da yawa lafiyarsa ƙalau, launin da aka ajiye kusa da shi ne ke sauya yadda ido ke ganinsa.

Ruwan hoda ja ne da aka sirka da fari. Ruwan zaitun kuwa kore ne da ya sha rawaya da ɗan duhu, har ya kusa komawa ruwan ƙasa. A lissafin kwamfuta ma, launin zaitun haɗi ne na hasken ja da na kore daidai wa daida, kowanne a rabin ƙarfinsa, ba tare da shuɗi ba. Ke nan yana da dangantaka da ɓangarorin biyu, shi ya sa yake zama kamar dattijon da ke shiga tsakanin kishiyoyi. In an cire shi, aka kuma ɗauko kore shar da ruwan hoda mai ƙarfi aka raba su rabi da rabi, to ƙawayen amarya sun kama hanyar zama dogarai ba tare da naɗi ba.

Masu adon ɗaki na da ƙa'idar da suke yawan ambata: kashi 60 na babban launi, 30 na mai bi masa, 10 na mai kiran ido. Ba wahayi ba ne, amma ta yi daidai da abin da rigar saƙi ta daɗe tana yi. A anko, hakan na nufin leshi ko atamfa ta ɗauki zaitun, gyale ko ɗankwali ya ɗauki ruwan hoda, kore ya tsaya a aikin wuya ko jaka da takalmi. Akwai wata fa'idar kuma ta ajiye ruwan hoda kusa da fuska. Zaitun launi ne mai shanye haske, a hoton dare yakan dusashe, ya bar fuskar mai shi ba armashi.

Launin da bai da tsayayyen suna

Inda kuɗin mutane ke salwanta ba a haɗin ba ne, a suna ne.

Hausa na da hanyarta ta raɗa wa launi suna: a nemo abin da kowa ya sani a jingina masa. Ruwan goro, ruwan toka, ruwan ɗorawa, ruwan madara, ruwan hoda. Kore ma na da 'yan'uwa, akwai tsanwa, akwai algashi. Amma zaitun ba itacen ƙasar nan ba ne. Galibin mutane sun san sunansa ne daga Alƙur'ani da kuma kwalbar man da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci, ba su taɓa riƙe ɗanyen ɗansa a hannu ba.

A Zariya, garin da ke da Depo inda ake horar da kuratan soja, da yawa sun fi gane shi da kalar soja. Ita ma ba ta warware matsalar ba, domin kakin soja kala-kala ne, wani ma zai tuno kakin 'yan bautar ƙasa.

Alhali launin na nan a kowane gida. Garin lalle kafin a kwaɓa shi, shi ne. Garin kuka, shi ne. Busasshen zogale ma haka. Da amarya za ta ce wa ƙawayenta "kalar garin lalle", da sun fi fahimtarta a kan ta tura musu hoto.

Hoton waya shi ne babban mai haɗa faɗa. Fuskar waya haske take fitarwa, yadi kuwa hasken da ya sauka a kansa yake mayarwa, don haka ba za su taɓa zama ɗaya ba. Kyamarar waya na gyara launi da kanta gwargwadon hasken wurin, mai talla ya ƙara nasa gyaran, sannan kowace waya ta nuna nata. Zaitun ya fi sauran shan wahala a nan saboda a kan iyaka yake zaune: ɗan ƙarin rawaya ya koma kaki, ɗan ƙarin shuɗi ya koma kore mai duhu. Ko a cikin shago, yadin da ya yi kyau a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki kan sauya fuska in an fito da shi rana.

Zancen da aka saba ji a rumfar 'yan yadi bai wuce guda ba. Mai saye ta miƙa waya ta ce, "Alhaji, irin wannan nake so." Shi kuma ya sauko da mafi kusa ya ce, "Hajiya, ai shi ne wannan." Kowa ya rabu da kowa lafiya. Sai ranar kamu, mata ashirin su jeru don hoto, a ga zaitun iri biyar. Yadi biyar na leshi da kuɗin ɗinki sun riga sun tafi, a wannan zamani da ake auna cefane da cokali, kuma tela ne ke kwana a ciki, ko da ba shi ya sayo ba.

Akwai wani abin da ya ƙara tsananta lamarin. A da, akwai masaƙu a Kaduna, tafiyar da ba ta wuce kilomita 80 daga Zariya ba. Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, wasu ma suka bi sahunta. Yanzu mafi yawan yadin daga ƙetare yake zuwa, kuma ko kamfani ɗaya ne, rinin wannan zubi kan ɗan bambanta da na gaba. In dilar da aka fara yanka ta ƙare, babu tabbacin wadda za ta zo ta yi daidai da ita.

Maganin dai tsoho ne, gani ya kori ji. A yanki ɗan ƙyalle a ba kowa a hannu, a duba shi a hasken rana ba a cikin shago ba, a kuma sayi na kowa lokaci ɗaya daga dila ɗaya. Mai buga katin gayyata ma a nemi ya fara fitar da gwaji guda, domin tawadar injin ba ta bin abin da kwamfuta ta nuna sau da ƙafa.

Daga jiki zuwa bango

Zariya gari ne da ya yi suna wajen adon bango. Masallacin Juma'a da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, da laka aka fitar da adon cikinsa, tudu da kwari, haske da inuwa. Da siminti da fenti suka shigo a ƙarni na 20, sai magina suka fito da launi waje. Fuskar zauruka ta cika da dagi da takubba, har da kekuna da motoci da jiragen sama. Wani jami'in mulkin mallaka da ya koma malami, Anthony Kirk-Greene, ya fitar da ɗan littafi kan waɗannan gidaje na Zariya a 1963, daga baya masanin gine-gine Friedrich Schwerdtfeger ya yi dogon nazari a kansu. Ƙofar fadar Sarkin Zazzau ita ce misalin da kowa ya sani a yau.

Garin kansa ma wannan haɗin yake sanye da shi, in mutum ya lura. Ragowar ganuwa da tsofaffin katangu jar ƙasa ce, wasu da shafen makuba. A samansu ga rimaye da dalbejiya da mangwaro. Da damina koren shar yake. Da hunturu, in ƙura ta lulluɓe ganye, sai ya koma zaitun sak, jar katanga kuma ta yi fari-fari ta gangara ruwan hoda.

Wannan ƙurar ce ya kamata mai fentin gida ya yi shawara da ita. Zaitun na ɓoye datti, don haka ya fi dacewa da gindin bango, inda ruwan indararo ke fantsamo jar ƙasa, da ƙofofi da tagogi. Ruwan hoda mai haske kuwa ba ya rufa wa kowa asiri, kuma jan launi mai walƙiya na cikin waɗanda rana ke saurin cinyewa. Wanda ya fi jure rana shi ne wanda aka samo daga jan garin nan na tsatsar ƙarfe da ake zubawa a simintin daɓe, in aka sirka shi da fari. Ba ya ɗaukar ido kamar na hoto, amma bayan damina biyu shi ake tararwa a wurin.

"Kalar mata ce"

Wani zancen da ya fara shiga bakin samari shi ne ruwan hoda na mata ne. Wannan ra'ayi ba daga cikin ganuwa ya fito ba. Ko a Turai da Amurka sai a ƙarni na 20 aka tsayar da shi a matsayin launin 'yan mata, kasuwar kayan jarirai da fina-finai suka yaɗa shi. A ƙasar Hausa, alharini a rigar maza yake, rigar sarakai da attajirai da manyan malamai. Har yau dattijo kan fito Juma'a da shadda ruwan hoda ba wanda ya waiwaya.

Namijin da ya kamata ya yi hattara shi ne mai ɗinka zaitun sama da ƙasa, ba aiki ba komai, a garin da ke cike da soja. Hula mai ratsin ruwan hoda ko aikin wuya da zare mai haske ya isa ya raba shi da kaki.

Hannun da ke zaɓen zare

Aikin babbar riga a da sana'ar maza ce, musamman malamai da almajiransu, waɗanda hannunsu ya saba da alƙalami da zayyana. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya tattara bayanai masu yawa kan wannan sana'a a shekarun 1970. A ƙarshen ƙarnin, matan cikin birnin Zariya suka shiga aikin daga cikin gidajensu, ya zame musu hanyar samun na kansu. Farfesa Elisha Renne ta Jami'ar Michigan ta yi rubutu a kansu, kuma tun tsakiyar shekarun 1990 akwai ƙungiyar mata masu ɗinkin hannu a birnin da ke amfani da sunan Sarauniya Amina.

Yanzu injin kwamfuta na fitar da wuyan riga cikin sa'o'i, aikin da hannu ke kwashe makonni ko watanni a kai. A farashi babu gasa. Abin da ya rage wa mai aikin hannu shi ne ido: ta ɗora zare a kan yadi, ta fita tsakar gida ta duba, ta ce wannan koren ya yi wa wannan shaddar ƙarfi, a nemo mai sanyi. Inji ba ya wannan, abin da aka ɗura masa yake zubawa.

A haɗin da ake yayi yanzu, wannan idon na da aikin yi, domin kuskure kaɗan ke ɓata shi. Koren zare mai gangarawa shuɗi a kan zaitun mai gangarawa rawaya faɗa suke yi, ko da duka sunansu kore. Ruwan hoda mai sanyi, irin na ɓawon albasa ko cikin gwaiba, ya fi zama lafiya da zaitun a kan mai walƙiya irin na alewar yara. Mai kawo aiki da ya riga ya yanke hukunci daga hoto, ya ƙi sauraron mai allura, yakan biya kuɗin hannu ya tafi da abin da inji ma zai iya ba shi.

Sannan akwai zuba. Zaren ja da danginsa ya yi ƙaurin suna wajen sakin launi a wankin farko, kuma aikin wata biyu na iya lalacewa a cikin bokiti ɗaya. Kafin a soka allura, akan jiƙa ɗan guntun zaren a matse shi cikin farin ƙyalle. In ya bar tabo, a mayar wa mai shago. In an gama kuwa, wankin ruwan sanyi ne ba tare da sinadarin cire tabo ba, a juya rigar ciki ya koma waje, a shanya ta a inuwa.